Titin Georgia: Inda Zoɓo Ya Haɗu Da Kiɗan Jamaika

Titin Georgia ya taso ne daga arewa, ya ratsa Silver Spring a jihar Maryland, ya gangaro cikin birnin Washington ta unguwar Petworth, ya wuce ƙofar Jami'ar Howard, sannan ya rikiɗe ya koma Titi na Bakwai. Masu yawon buɗe ido ba su cika zuwa nan ba. Su dai a kai su Fadar White House da ginin majalisa, su ɗauki hoto su koma masauki. Mu ma da muka tashi muna jin sunan Washington a bakin ma'aikatan Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ya fara watsa shirye-shirye tun 1979, abin da muke hangowa shi ne fararen gine-gine da mutane sanye da kwat. Amma duk wanda yake son ya ji ƙamshin garin da amonsa, to ya hau bas ya bi Titin Georgia ranar Asabar da la'asar.

A Silver Spring ƙamshin gahawa ne zai fara tarbar mutum, domin yankin Washington na cikin wuraren da 'yan Habasha suka fi yawa a wajen ƙasarsu. Idan aka gangara kudu sai hayaƙin gashin kaza ya karɓa. Wannan na 'yan Jamaika ne, kaza ce da ake jiƙawa da attaruhu da kayan ƙamshi a gasa a kan garwashi, kuma na tabbata mai tsiren Kano zai gane ɗan'uwansa a cikinta. A irin waɗannan shagunan ana sayar da wani jan abin sha da suke kira sorrel. Zoɓo ne, ba ragi ba ƙari, har da citta da kanumfari, sai dai su a ƙasarsu an fi shansa lokacin Kirsimeti. Ganyen da suke kira callaloo alayyafo ne. Ɗan itacen da suke tinƙaho da shi a matsayin abincin ƙasa, ackee, daga Afirka ta Yamma aka kai musu shi. Kuma a kusan kowane shago, ta bayan kanta, akwai lasifika tana fitar da wannan kiɗa mai nauyi da ake ji a ƙirji kafin ya kai kunne.

A gida mun san reggae, amma sanin shanu muka yi masa. A unguwar da na tashi, idan aka ce wa saurayi "Bob Marley" ba yabo ba ne. Ana nufin ya bar gashi ya cukurkuɗe, ko ana zarginsa da tabar wiwi. Duk da haka kaset ɗin Marley da na Jimmy Cliff da Lucky Dube da Majek Fashek sun sha juyawa a tashoshin mota da shagunan aski, kuma akwai yayyenmu da har yau za su rera maka baitocin da ba su san ma'anarsu ba. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne daga ina kiɗan ya fito, da kuma ko muna da gado a ciki.

Amsar ta fara ne a ƙarƙashin ƙasa. Gidan tarihin baƙaƙen fatan Amurka, wanda aka buɗe a 2016 a tsakiyar birnin, ana shigarsa kyauta, kuma an tsara shi yadda za a sauke ka can ƙasa cikin duhu, ka fara da cinikin bayi, sannan ka riƙa hawowa. A bangon ƙasan an rubuta sunayen jiragen ruwa, da adadin mutanen da aka loda, da adadin waɗanda suka isa da rai. Tsibirin Jamaika kaɗai an sauke masa 'yan Afirka kimanin miliyan guda. Mafi yawansu daga gaɓar da ta zama Ghana a yau aka kwashe su, da kuma yankin kudu maso gabashin Najeriya, sai na ƙasar Kongo. Har yau ɗan Jamaika idan zai ce "ku" yakan ce unu, kalmar Ibo ce. Gwanin tatsuniyarsu kuwa Anansi ne, gizo-gizo mai wayo da haɗama, wanda Ashantawa suka tafi da shi. Duk wanda ya yi zaman tatsuniya a tsakar gida zai gane Gizo nan take, ko da an sauya masa suna.

Akwai wani likita Bature mai suna Hans Sloane da ya je Jamaika a 1687. A littafin da ya wallafa a 1707 ya zana hoton wani abin kiɗa da bayi suke yi da ƙwarya da fata da tsirkiya, ya kuma sa aka rubuta masa sautin wasu kiɗe-kiɗensu, aka laƙaba musu sunayen wuraren da masu su suka fito: Angola, Papa da Koromanti. Wannan zane na cikin hotuna mafi daɗewa na abin da ya zama banjo. Wanda ya san gurmi ko garaya ko molo ba ya buƙatar dogon bayani: ƙoƙo, fata, sanda, tsirkiya. Banjo ɗin nan shi ne ya zama ƙashin bayan mento, kiɗan ƙauyen Jamaika, mai cike da habaici da zambo da maganganun da ba a yi a gaban surukai. Tare da shi akwai wani akwati mai harsunan ƙarfe da ake zama a kai ana taɓawa, ɗan'uwan agidigbo na Yarbawa. Mento shi ne kakan ska.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan tarihi shi ne labarin Abubakar Siddiƙ. An haife shi a Tambutu wajen 1790, ya yi karatun allo, aka kama shi a yaƙi yana saurayi, aka sayar da shi, ya yi kusan shekara talatin yana bauta a Jamaika. Maigidansa ya gano yana da ilimi, har ya zama shi ke riƙe da littafin lissafin kasuwanci, yana rubutawa da harufan Larabci. A 1834 wani alƙali Bature, Richard Madden, ya taimaka aka 'yanta shi a Kingston, shi kuma ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci. A ciki ya ambaci Katsina da Borno a dangin mahaifiyarsa. Ya ce sunanta Hafsatu, amma da Hausa ana kiranta Nagode. Ranar da na karanta wannan sai da na ajiye littafin na ɗan jima. Ga mutum a tsakiyar gonakin rake, teku ta raba shi da kowa nasa, abin da ya rage masa shi ne laƙabin uwarsa da harshenmu.

Kada dai in yi zuƙu. Hausawa ba su da yawa a Jamaika. Waɗanda aka tsallakar da su teku sun fi yawa a Bahiya ta ƙasar Brazil, inda suka yi ta tayar wa masu bautar da su hankali tun daga 1807. Saboda haka idan wani ya ce maka reggae daga kalangu ya fito, ka yi murmushi kawai. Dangantakar ta ƙanen kaka ce, ba ta uwa ɗaya uba ɗaya ba.

Gangunan da suka shiga jinin reggae hanya biyu suka biyo. Akwai Burru, kiɗan da ya samo asali tun zamanin bauta, wanda daga baya ya koma unguwannin talakawan Kingston. Akwai kuma Kumina, na mutanen Kongo da aka kawo aikin ƙodago bayan an soke bauta gaba ɗaya a 1838, suka zauna a gabashin tsibirin. A Kumina ana kiɗa har wani ya hau, a ce kakanni sun sauka a kansa. Mai karatu ya riga ya tuna da bori, ni ma haka, kodayake kowanne da tushensa. Wani makaɗi da ake kira Count Ossie shi ne ya koyi kiɗan Burru ya mayar da shi na 'yan Rasta, da ganguna uku: babba mai rugugi, matsakaiciya mai bugun zuciya da ba ta sauyawa, da ƙarama mai surutu wadda ke yawo a kan sauran. Kiɗan suna kiransa Nyabinghi, sunan da suka aro daga wata gwagwarmayar ƙin mulkin mallaka a iyakar Uganda da Ruwanda.

Amma ska bai fito daga daji ko gona ba. A birni aka haife shi, kuma da hannun Amurka a ciki. Bayan yaƙin duniya na biyu mutanen Kingston suna kama tashoshin rediyon New Orleans da Miami, suna jin kiɗan baƙaƙen fatan Amurka. Talaka ba shi da kuɗin garmaho, sai wasu 'yan kasuwa suka riƙa ɗora manyan lasifikoki a mota, su kafa a fili, su sayar da abinci da abin sha, a kwana ana rawa. Coxsone Dodd da Duke Reid da Prince Buster su ne manyan wannan fage, kuma gasar da ke tsakaninsu ta kai mutum ya kankare sunan da ke jikin faifai don kada abokin hamayya ya san inda zai samo shi. Da irin faifan da suke so ya fara ƙaranci a Amurka, sai suka tara makaɗan gida suka ce a yi musu nasu. Yawancin masu busa ƙahonin nan sun fito ne daga makarantar Alpha, gidan da 'yan Katolika suke renon yara marasa galihu suna koya musu kiɗa. Daga cikinsu aka samu ginshiƙan ƙungiyar Skatalites a 1964, har da Don Drummond.

Yadda na fi iya bayyana ska shi ne da lugude. Idan mata suna daka, taɓarya takan sauka a turmi, sannan a cilla ta sama a tafa kafin a cafe. Yawancin kiɗan Turawa yana ƙarfafa saukar taɓarya ne. Ska ya ɗauki tafin nan na tsakani ya mayar da shi sarki: jita da fiyano da ƙaho duk a kan tafin suke faɗawa, shi ya sa jiki ke tsalle ko mutum bai yi niyya ba. Wajen 1960 Prince Buster ya kawo Count Ossie da gangunansa cikin situdiyo aka ɗauki waƙar "Oh Carolina", a lokacin da masu kuɗin Kingston ke ƙyamar ko da zama kusa da ɗan Rasta. Jamaika ta samu 'yancin kai ranar 6 ga Agusta 1962, ska ya zama kiɗan murnar. Shi kuwa Prince Buster, bayan ya haɗu da ɗan dambe Muhammad Ali a 1964, sai ya musulunta. Jimmy Cliff ma ya taɓa karɓar Musulunci. Wannan ɓangaren ba a cika ba mu labarinsa a tashar mota ba.

Wajen 1966 kiɗan ya rage gudu aka kira shi rocksteady. Zuwa 1968, shekarar da Toots and the Maytals suka fitar da "Do the Reggay", ya sake sauya kama. Mai ganga ya bar bugun farko fayau, ba ya taɓa komai, sai a na uku ya sauke hannu, jita mai kaurin murya kuma ta karɓi ragamar waƙar. Wannan gurbin da ake bari shi ne sirrin nauyin reggae. A filin rawa kuma aka samu masu riƙe makirufo irin su U-Roy, suna zuba magana a kan kiɗa, suna wasa kansu, suna zuga jama'a, suna yi wa abokan gaba shaguɓe. Mu da muka san sanƙira a gefen makaɗi, da kirarin 'yan dambe, ba mu ga baƙon abu a nan ba.

Yanzu mu dawo Titin Georgia, domin a nan ne labarin ya yi wani ƙulli da ba na jin akwai irinsa a wani gari. Afirkar da 'yan Rasta suke waƙa ba Afirka ta Yamma ba ce, inda aka kwaso kakanninsu. Habasha ce. Marcus Garvey, ɗan Jamaika da aka haifa a 1887, shi ya cusa wa baƙar fata tunanin komawa gida da dogaro da kai, kuma baƙin tauraron da ke tutar Ghana daga sunan kamfanin jiragen ruwansa aka samo shi. Da aka naɗa Ras Tafari sarautar Habasha ranar 2 ga Nuwamba 1930 da sunan Haile Selassie, sai wasu talakawan Jamaika suka ce alkawari ya cika, suka ɗauke shi fiye da sarki. A 1954 wannan sarki ya zo Washington, ya yi jawabi ga majalisa, Jami'ar Howard da ke kan wannan titi ta ba shi digirin girmamawa. Jawabin da ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1963 shi Bob Marley ya mayar waƙar "War" a 1976. Ranar 21 ga Afrilu 1966 da sarkin ya sauka a Kingston, jama'a suka mamaye filin jirgi har ya daɗe bai iya saukowa ba. Marley ba ya nan. Yana Wilmington ta jihar Delaware, tafiyar kamar awa biyu daga nan, wajen mahaifiyarsa, yana aikin ƙarfi don ya tara kuɗi, kamar yadda da yawa daga cikin masu karanta wannan suke yi yau.

To ga 'yan Habashan na gaske a Washington, a Silver Spring da kewayen Titi na Tara da Titin U. Yawancinsu sun zo ne bayan sojoji sun kifar da sarkin a 1974. A cikinsu akwai masu kewarsa, akwai kuma waɗanda abin da suke tunawa shi ne yunwar Wollo ta 1973 da mulkin masu gonaki, ga Musulmi da 'yan Oromo da 'yan Eritriya da kowa ke da nasa ƙorafin. Shi kansa sarkin Kirista ne ɗan cocin Orthodox, bai taɓa cewa shi abin bauta ne ba, kuma Marley ma a wannan coci aka yi masa baftisma a 1980, watanni kafin rasuwarsa. Sai ka ga ɗan Rasta da tutar kore da rawaya da ja mai hoton zaki ya shiga shagon injera, mai shagon ta karɓi kuɗinsa da fara'a, kowa da Habashar da ke cikin kansa. Na sha jin ɗalibai 'yan Afirka suna dariyar wannan, suna cewa mutanen nan ba su san Afirka ba. Dariyar ba ta yi mini daɗi. Wanda aka ƙwace wa suna da harshe da sunan garinsu, idan ya nemi wata ƙasa ya riƙe, kuma ya zaɓi wadda ta kori Italiya a Adwa a 1896, ban ga abin dariya ba. Kuma mu da muke da garin da za mu koma hutu, ya kamata mu tuna cewa ba Turawa kaɗai suka yi cinikin mutane ba. Kasuwannin bayi sun ci a garuruwanmu, kuma har yau akwai gidajen da ake bincikar asali kafin a ba da aure.

Washington ba ta tsaya ga saurare ba. Wani Ba'amurke mai gabatar da shiri a rediyo, Gary Himelfarb, wanda aka fi sani da Doctor Dread, ya kafa kamfanin RAS Records a nan, ya riƙa fitar da faya-fayan manyan mawaƙan Jamaika irin su Black Uhuru da Israel Vibration da Culture. Ƙungiyar Bad Brains, samari baƙaƙe 'yan garin, sun haɗa kiɗan punk mai gudun tsiya da reggae har suka zama abin koyi. Pietasters sun riƙe ska tun 1990. A 2022 kuma SOJA, 'yan Arlington ta Virginia da ke tsallaken kogin Potomac, waɗanda yawancinsu farare ne, suka lashe kyautar Grammy ta reggae, suka doke 'yan Jamaika. An yi ta cece-ku-ce a kai. A ganina ba laifi ba ne wani ya koyi kiɗan wani, ai ska ma da aron Amurka ya tashi. Tambayar ita ce wa ke cin riba, tunda da yawa daga makaɗan da suka ƙirƙiro wannan sauti kuɗin yini aka biya su, suka mutu ba su da komai. Hukumomi dai sun yi nasu karramawar: ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa faifan "Burnin'" na Wailers da na fim ɗin "The Harder They Come" cikin taskar sautukan da za a adana, UNESCO ta sa reggae cikin gadon al'adun duniya a 2018, kuma a Janairun 2025 Shugaba Biden ya yafe wa Garvey hukuncin da kotun Amurka ta yanke masa a 1923, shekara tamanin da biyar bayan mutuwarsa.

Da daddare, wanda yake son jin kiɗan da ransa sai ya nufi Titi na 18 a Adams Morgan. A can Bukom Cafe yake, mai sunan wata unguwa ta Accra, inda aka daɗe ana cin dafa-duka da miyar agushi makaɗa na buga reggae. Ga mai kallabi irina wadda ba ta sha, shawarata a je da wuri, a ci abinci, a ji zagayen farko na kiɗa, a kama hanya kafin wurin ya cika.

Inda Titin Georgia ya ƙare, a mahaɗar Titi na Bakwai da Florida, akwai wani shagon waya da ya shekara fiye da ashirin yana sakin go-go ta lasifika a bakin titi. Go-go shi ne kiɗan Washington na kanta, wanda Chuck Brown ya gina a shekarun 1970, mai ganguna da amshi tsakanin mawaƙi da jama'a, ba ya tsayawa tsakanin waƙa da waƙa. A 1970 kashi saba'in cikin ɗari na mazauna birnin baƙaƙe ne, yanzu ba su kai rabi ba, kuɗin haya ya kora da yawa zuwa gundumar Prince George's. Bikin 'yan Karibiyan da ake yi a Titin Georgia tun 1993 ma ya tashi bayan 2011, ya koma Baltimore. A Afrilun 2019 wani mazaunin sabon bene mai tsada da ke kusa ya kai ƙara cewa kiɗan shagon ya dame shi, aka kashe lasifikar. Cikin 'yan kwanaki mutane suka fito titi da ganguna, aka mayar da kiɗan, kuma a Fabrairun 2020 magajiyar gari Muriel Bowser ta sa hannu a dokar da ta mayar da go-go kiɗan birnin a hukumance. Daga wannan kusurwa, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Shaw-Howard tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa.